Shekara Ukun da Na Ɗora wa Ɗanka

Daga Karofane, ƙasar Buza, ran sha biyu ga watan Zulƙida, shekara ta 1363.

Zuwa ga Yayana Isiyaku, a garin Madani na ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya A'i da yaran da aka haifa muku a can, waɗanda ban taɓa gani ba amma nake ƙauna. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa audugar bana ta zama ta ƙarshe da za ka tsinka kafin ka ƙetare teku ka ga Ɗakin Allah da idonka. Shekara goma sha biyu ke nan kana kan hanyar nan, Yaya, kuma har yau idan na ga baƙo ya ɓullo ta gabas da sanda sai gabana ya faɗi, in ce ko kai ne. Malam Tukur na Azarori ne zai kawo maka takardar, jibi za su tashi da ayarinsu. Da hannuna na rubuta, shi ya sa za ka ga layin na hawa yana gangara, ka yi haƙuri da shi.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau a tudu, gero ya cika rumbu biyu har da saura, amma dawar fadama ruwa ya kwanta mata ta lalace. Tsohuwar rijiyar da ke gindin dutse ta rufta, mun haƙa wata kusa da gawon nan da kake ɗaure jakinka. Gwaggo Kande na nan da ranta, idon ne ya tafi, bakin kuwa yana nan daram, kullum sai ta tambaya ko ka aiko. Jaratu ta haihu, namiji, an sa masa sunanka.

Yanzu kuma ka gyara zama, ka sallami duk wanda ke kusa da kai, har Yaya A'i, sai ka kai ƙarshe tukuna. Shekara goma ina yi maka ƙarya. Duk takardar da na aiko na ce ɗanka Alƙasim na nan gida yana noma yana karatun allo, ba gaskiya ba ne. Liman da ke rubuta mini su ma ya gaji, ya ce shi kam ba zai ƙara sa alƙalaminsa cikin zancen ba. Ga yadda aka yi. Shekara biyu bayan tafiyarku, muna fitowa daga yunwar fara, sai wani gardi mai jar hula ya zo daga barikin Madawa da takarda, ana neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara. Sunan Halidu nawa ne a ciki. Shekararsa goma a lokacin, ya fara riƙe hauya, kuma shi kaɗai ne namiji gare ni. Alƙasim da ka bar mini amana yana da bakwai. Matata Delu na kuka a bayan darni, gardin na buga bulala a ƙafarsa yana cewa rana na yi, ni kuwa ka san ni da gaggawa, ban tsaya shawara da kowa ba, na kamo hannun ɗanka na ce ga Halidu. Gardin ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai bai kai goma ba. Na ce yunwa ce ta tsumbure shi. Mai gari na tsaye yana kallo, aka ɗora yaron a kan jaki aka tafi da shi.

Ba zan fake da kukan Delu ba, ba zan fake da yunwa ba. Tsoro na ji wa nawa, na ba da naka. A lokacin cewa ake yi duk yaron da ya shiga lakwal ya rabu da salla ya rabu da iyayensa, na kuma yarda da hakan, amma duk da haka na miƙa shi. Tun daga ranar, a takardun Nasara ɗanka shi ne Halidu ɗan Mati, ɗana kuwa idan an zo ƙidayar mutane sai ya amsa sunan Alƙasim ɗan Isiyaku. Naka ya ɗauki shekara uku da ba nasa ba, nawa ya sauke uku.

To, Allah da ikonSa, yaron bai lalace ba. Sallarsa ta fi tawa natsuwa, ka ji abin kunya. Ya gama lakwal ɗin Madawa yana gaban kowa, aka wuce da shi makarantar Yamai, bana shekararsa ta ƙarshe a can. Da ya zo hutun damina sai na ga yaro ba ya ci sosai, ba ya hira, ya fita gona ya dawo kamar baƙo. Na matsa masa, kai har da tsawa, kafin ya faɗa mini. Wai akwai wata babbar makaranta a ƙasar Senegal, can bakin teku, inda ake fitar da manyan malamai, daga nan kuma wasu su wuce su zama lokotoro, masu duba marasa lafiya har su yi musu aiki da wuƙa. Ba a shiga sai an ci wata jarrabawa da suke kira kwankur, kuma wanda ya kai shekara ashirin a takarda ba a ma bari ya zauna. Shi a takarda ashirin gare shi, alhali ni da kai mun san sha bakwai ne. Ya ce in bar zancen, ba komai, idan ya gama za a ba shi aikin komi, wato magatakarda, a barikin Madawa, ya riƙa zuwa gida ran kasuwa. Yana faɗa yana kallon ƙasa, bai ɗaga murya ba, bai ce ni na jawo ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Za ka ce to mene ne abin wahala, in je in faɗi gaskiya a gyara takarda. Haka na ce nima, har na ɗaura wa jaki akumari. Sai mai gari ya tare ni a ƙofar gida ya ce in tsaya in yi tunani: shekara ashirin ɗin nan ba ɓacewa za su yi ba, idan an sauke wa Alƙasim, kan Halidu za su koma. Kuma ka san yaƙin Nasara bai ƙare ba, duk sanyi sai an zo an jera samari masu ashirin an ɗebi soja. Idan na yi shiru, ɗanka ya zama komi da sunan wani har ya mutu, nawa kuma ya sami shekara uku a ɓoye, wataƙila kafin nan yaƙin ya mutu. Idan na yi magana, ɗanka ya sami damar zama kwankur, nawa ya shiga layi bana. Tun daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In shiga gona in fito, in hau dutse in sauko, in fara alwala in manta inda na tsaya. Sai na ce wa kaina, bari in san girman abin da zan saya da ɗana. Idan shigar Alƙasim makarantar nan tabbas ce, to. Idan kuwa mafarki ne, don me zan tura Halidu bakin bindiga?

Cikin azumi na tafi Madawa wurin Mushe Dodo, Mushe ake ce wa malaman lakwal, shi ne ya koyar da Alƙasim tun yana ƙarami, mutumin Kaita ne, mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Na faɗa masa komai. Ya ce ai ya daɗe da sani, tun da ya ga yaro mai shekara goma yana fidda haƙoran gaba. Na ce to ya faɗa mini ƙarara, zai ci ko ba zai ci ba? Ya ce ba a faɗin haka. Na ce ni manomi ne, in na dubi hadari ina iya cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba, shi da ya yi shekaru yana kallon kan yara ya kasa? Sai ya yi murmushi ya ce in kawo waken da ya gani a bakin buhuna. Ya zube shi a tabarma ya ce makarantar ba ta mutanen ƙasarmu ba ce su kaɗai, daga duk ƙasashen da ke hannun Faransa ake zuwa, Senegal da Dahome da Gine da ƙasar Bambara, yara ɗaruruwa. Na bakin teku iyayensu ma sun yi lakwal, da Faransanci ake yi musu faɗa a gida, namu kuwa baƙi ne, daga nesa, ba wanda ya san sunan garinsu. Bara huɗu aka ɗauka daga ƙasarmu duka, bara waccan biyu, akwai shekarar da ba a ɗauki ko ɗaya ba. Ya ce mu sa uku, tsaka-tsaki.

Ya ƙirga wake ashirin da huɗu ya ce su ne za su zauna a Yamai. Ya fara janyewa ɗaya-ɗaya: wannan lissafi ya fi ƙarfinsa, wannan ƙirjinsa ba zai wuce hannun lokotoro ba don sai an auna lafiyarsu, wannan shugaban makaranta ba ya shiri da shi. Ina kallo har saura bakwai. Ya nuna wani jan wake a ciki ya ce ga namu. A lissafi ba mai kama ƙafarsa, a labarin ƙasa ma haka, amma a shifta, inda ake karanto Faransanci su rubuta, yana zubar da maki, kuma kuskure kaɗan ke kayar da mutum. Na ce to uku cikin bakwai ke nan, ya ƙara janye huɗu mu gani mana! Ya ce daga nan hannunsa ba ya aiki. Shi kansa, in ji shi, shi ne na ɗaya a ajinsu, sau biyu yana zama, sau ɗaya zazzaɓi ya kama shi ran jarrabawa, sau ɗaya kuma har yau bai san abin da ya kayar da shi ba. Na tashi a fusace ko sallama ban yi masa da kyau ba, ga azumi ga rana, na dawo Karofane ina masifa ni kaɗai a kan jaki.

Bayan kwana biyu na wuce Buza wurin wani tsohon soja da ya yi wancan yaƙin na farko, na ce shi kuma ya ƙirga mini ɗaya gefen. Shi bai yi mini yanga ba. Ya ce za a tuɓe su a jera, lokotoro ya duba haƙora da ƙirji da tafin ƙafa, ragwaye da marasa lafiya su koma gida, masu ƙarfi su ja lamba. Ya tambaye ni yaya jikin yaron. Kai ba ka ga Halidu da girma ba, Yaya. Shi kaɗai yake ɗaga damin gero biyu, ko ciwon kai bai taɓa kwantar da shi ba. Tsohon ya ce to wannan ba lokotoron da zai mayar da shi. Bara a yankinmu cikin talatin da suka ja lamba tara aka tafi da su. Na garinmu kuwa ba sai an faɗa mini ba, biyar suka tafi farkon yaƙin nan, biyu sun dawo, ɗaya an aiko da labarin rasuwarsa, biyu har yau shiru.

Na dawo gida na yi tsibi biyu na wake a ƙarƙashin rumfa, bakwai a nan, talatin a can. Kullum da hantsi in zauna in janye in mayar, in sake janyewa. Wata rana ya fito mini in yi magana, wata rana ya fito in yi shiru, ya danganta da wanda na fara kallo cikin yaran da safe. Na je har wurin wani malami mai bugun ƙasa, ya zana ya share ya zana, ya ce yana ganin tafiya mai nisa a gidana. Na ce Malam ai wannan na sani, wane ne zai yi ta, kuma ina? Ya ce ƙasa ba ta faɗa ba. Ran nan Delu ta fito ta iske ni a kan waken, ta tattare shi kaf da hannu biyu ta zuba a tukunya. Sannan ta juyo ta ce ɗanta ba wake ba ne, kuma duk ranar da na kai sunansa bariki in san cewa da hannuna na kai shi. Da shi aka yi buɗa-baki ran nan, ban iya ci ba.

Akwai abin da na lura da shi a kwanakin, wanda ya fi duk ƙirgar nan cin raina. Idan Delu ta ƙwala kiran Halidu, su biyu suke waigowa. Idan aka kira Alƙasim kuwa, sai ɗanka ya ɗan jima kafin ya tuna da shi ake. Sunan da ka raɗa masa da bakinka, ka yanka masa rago, ya zama masa kamar rigar aro.

Bayan salla muna yankan gero ni da Halidu a gonar tudu, sai ya ajiye wuƙa ya ce yana da magana. Ya ce ya gaji da lanƙwasa gwiwa ran ƙidaya don ya yi kama da ƙaramin yaro, ya gaji da zama ƙanen ƙanensa. Ya ce shekara goma Alƙasim na ɗauke masa kaya, ya sha bulalar lakwal da sunansa, ya kwana asibitin Yamai da sunansa ba kowa nasa kusa, shi kuwa yana nan yana shan furar uwarsa. Shekarunsa nasa ne, in ba shi abinsa. Na daka masa tsawa na ce ya san abin da yake faɗa kuwa? Uku cikin bakwai ne fa, ba tabbas! Ya ce ko ɗaya cikin bakwai ne, ba ni ke da shi ba balle in hana, na Alƙasim ne. Kuma idan ban je ba, shi zai je da ƙafarsa ya faɗa wa kumandan, Baturen bariki. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga sai na yi miƙa kafin in kai fuskarsa. Na zauna a kan kunya na yi kuka, Yaya, ni da furfurata, a gaban ɗana.

Ran Alhamis muka tafi Madawa mu huɗu, da ni da yaran biyu da mai gari, wanda ya bi mu yana gunaguni tun daga gida har bariki. Alƙasim ya yi ta roƙona a hanya mu koma, na ce ya rufe mini baki. A gaban kumandan tafinta ya fara juya maganata, sai ɗanka ya nemi izini ya juya da kansa, ya faɗi laifina cikin Faransanci, ina ji ina gane sunana kawai. Kumandan ya daɗe yana kallonsu su biyu. Ya sa aka kawo manyan littattafai, magatakarda ya ja jan layi a kan suna ya rubuta wani, nan da can. Ni kuma aka ba ni kwana goma sha biyar a gidan kaso, ina fasa dutse a hanyar Tawa. Kada ka damu da wannan, na fito, tafin hannuna ne kawai ya ɗaɗɗaye, kuma ban taɓa yin barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba cikin shekara goma.

Da na fito na biya wurin Mushe Dodo na ba shi haƙurin rashin sallamata. Na ce to yanzu fa, nawa ne? Ya ce uku cikin bakwai, kamar da, bai ƙaru da ko ƙwaya ba. Har ma yana tsoron kada shugaban makarantar Yamai ya riƙe zancen sunan a ransa, amma ya rubuta masa cewa yaro ɗan shekara bakwai ba shi ya zaɓi sunan da aka kai shi da shi ba. Ka gani ke nan, duk abin da na yi bai shigar da ɗanka ko'ina ba, wuri kawai na sama masa a cikin layi. Ya koma Yamai tun kwana goma da suka wuce, da littafin shifta da Mushe ya ba shi, za su zauna kwankur farkon damina mai zuwa. Masu ɗibar soja kuwa an ce bayan babbar salla za su iso, saura 'yan makonni. Halidu na nan yana gyaran rumbu yana waƙa kamar ba shi ba. Delu tana ajiye mini tuwo ta juya, tun ran Alhamis ɗin nan ba ta ce mini ko sannu ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni kuwa ƙafata ta ƙi zama har yanzu, jiya na tsinci kaina a bakin sabuwar rijiya ba guga a hannuna.

Ban ce ka yafe mini a takarda ba, wannan sai mun haɗu ido da ido, in Allah Ya sa muna da rabon haka. Yaya A'i kuwa kai ka san yadda za ka faɗa mata, ka fara da cewa ɗanta na salla, kuma ya fi ni tsawo. Ka gaishe ta da kyau, ka gaishe mini da Fatima da Zali da ƙaramin da ban san sunansa ba. Gwaggo Kande na gaishe ku, ta ce ka yi sauri don ita ba za ta yi ta jira ba. Jaratu da mijinta da takwaranka na gaisuwa, Lantana ma haka, liman ya ce in gaya maka yanzu alƙalaminsa ya huta. Delu ba ta ba ni saƙo ba, amma na san tana gaishe ku.

Abu ɗaya nake roƙo. Kai ne namu da ya fi kusa da Ɗakin Allah, ka yi wa yaran nan addu'a kowa da sunansa na gaskiya, kada ka musanya kamar yadda na yi. Alƙasim ɗan Isiyaku, Allah Ya sa shi cikin ukun nan. Halidu ɗan Mati, Allah Ya kauda hannunsa daga muguwar lamba. Na so in ce ka fara da naka, don shi na zalunta. Amma Malam Tukur ya ce sai sun yi wata huɗu a hanya, wato ranar da kake karanta wannan an riga an ja lamba a nan, kai ba ka sani ba, ni na sani. Don haka ka fara da Halidu, Yaya, ka roƙa masa duk inda yake.

Ni ne ƙanenka mai laifi a wurinka, mai begen ganinka,

Mati